Idan Tanderu Ya Huce: Yadda Kasuwar Duniya Ke Gina Garuruwan Ƙarfe Ta Kuma Bar Su

A shekarar 2002 mazauna birnin Dortmund da ke yammacin Jamus sun karɓi baƙuncin ma'aikata kusan dubu ɗaya daga ƙasar Sin, kuma aikin da ya kawo su shi ne kwancewa. Kamfanin ThyssenKrupp ya riga ya kashe wutar masana'antar ƙarafansa ta birnin a shekarar da ta gabata, ya sayar da ita ga wani kamfani mai suna Shagang. Baƙin suka bi masana'antar noti bayan noti, suna sa wa kowane sashe lamba, suna zuba shi a kwantena, har suka loda kimanin tan 250,000 na injina a jiragen ruwa, aka sauke su a Zhangjiagang da ke bakin kogin Yangtze, aka sake harhaɗa su yadda suke a da, suka ci gaba da fitar da ƙarfe. A unguwar Hörde, inda aka shafe shekara kusan 160 ana narka tama, sai aka haƙa ƙaton tafki, aka fara cika shi da ruwa a 2010. Yau gidaje masu tsada ne suka kewaye shi, mutane na zuwa shan iska da yamma.

Injin da ake ganin ya fi komai nauyi shi ne ya yi tafiyarsa. Ma'aikatan da suka tsufa a gabansa, da gidajen da suka saya da bashin banki, da makarantun 'ya'yansu da maƙabartar iyayensu, duk suna nan inda suke. Wannan shi ne tushen matsalar kowane garin ƙarfe, domin dalilin da ya sa aka kafa masana'anta a wani wuri yakan canza a cikin shekara talatin ko arba'in, gari kuwa ba a naɗe shi kamar tabarma a bi dalilin zuwa inda ya koma.

Sai an san wannan dalili kafin a fahimci sauran. Ana samun ƙarfe ne ta hanyar zuba tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa a cikin tanderu mai tsawon bene hawa da yawa, a hura masa iska mai zafi daga ƙasa, har ƙarfen ya narke ya taru a gindi. Abin da ya fito yana ɗauke da sinadarin kabon fiye da kima, saboda haka yana da gautsi, sai an rage kabon ɗin kafin ya zama tataccen ƙarfen da ake yin layin dogo da rodi da jikin mota da shi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san gawayi ya fi ƙarfen da ake ƙerawa saurin ƙarewa. Haka abin yake a ƙarni na 19, lokacin da ake ƙona tan da yawa na kwal kafin a sami tan ɗaya na ƙarfe, don haka ya fi arha a ɗauko tama a kai ta wajen kwal. Wannan lissafi ne ya haifi Sheffield a Ingila, da yankin Ruhr a Jamus, da Pittsburgh a Amurka. Bayan da Henry Bessemer ya fito da dabararsa ta tace ƙarfe da yawa cikin sauri a 1856, waɗannan wurare suka cika suka batse.

Pittsburgh ta fi kowanne dacewa a yi misali da ita. Tana zaune ne a inda kogin Allegheny da na Monongahela suka haɗu suka zama kogin Ohio, ga kwal mai kyau a Connellsville kusa da ita, daga baya kuma ga tama daga tsaunukan Mesabi na jihar Minnesota ana kawowa ta manyan tafkuna da jirgin ƙasa. Andrew Carnegie ya buɗe masana'antarsa ta Edgar Thomson a garin Braddock a 1875. A 1901 attajirin banki J. P. Morgan ya saye kamfaninsa a kan dala miliyan 480, ya haɗa shi da wasu, aka kafa U.S. Steel, kamfani na farko a duniya da jarinsa ya haura dala biliyan ɗaya. Ƙananan garuruwa suka jeru a bakin kogin Monongahela, irin su Homestead da Duquesne da McKeesport da Clairton, kowanne da masana'antarsa a bakin ruwa, gidajen ma'aikata kuma a kan tudu suna kallon hayaƙinta. Mutane suka yi ta kwarara daga gabashin Turai da Italiya, daga baya baƙaƙen fata daga kudancin Amurka suka biyo.

Ba rayuwar jin daɗi ba ce da farko. Aikin awa 12 ake yi a rana har zuwa 1923, kuma lokacin da ma'aikatan Homestead suka shiga yajin aiki a 1892, kamfani ya yi hayar 'yan bindiga na kamfanin tsaro na Pinkerton, aka yi artabu a bakin kogi, aka rasa rayuka daga ɓangarorin biyu, ƙungiyar ƙwadago ta karye. Sai a 1937 U.S. Steel ya amince ya zauna da ƙungiyar ma'aikata. Hayaƙi kuwa ya kai ga akan kunna fitilun titi da rana tsaka, kuma a watan Oktoba na 1948 wani hazo mai guba ya lulluɓe garin Donora ya kashe mutum 20. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aikin ya zama abin so. Yaron da bai ƙare sakandare ba yakan bi mahaifinsa masana'anta, ya sami albashin da zai sayi gida da mota, ga kuɗin asibiti, ga fansho.

A cikin wannan wadatar cutar take ɓoye. Wani masanin tattalin arziki mai suna Benjamin Chinitz ya kwatanta Pittsburgh da New York a 1961, tun ana cikin ganiyar ƙarfe, ya lura cewa garin da 'yan manyan kamfanoni suka mamaye ba ya haifar da ƙananan 'yan kasuwa. Babban kamfani yana da nasa lauyoyin, da nasa motocin dako, da nasa masu gyara, don haka babu wata kafa da ɗan gari zai buɗe sana'a ya yi masa hidima, bankuna ma sun saba da ba manya rance. Ɗan da ya tashi a gidan ma'aikaci bai ga wanda ya taɓa kafa nasa ba, bai kuma ga amfanin dogon karatu ba tunda aiki na jiransa a bakin ƙofa. Ƙaramar hukuma kanta da harajin masana'anta take biyan malamai da 'yan sanda. Gari duka ya rataya a ƙusa ɗaya.

Abin da ya girgiza ƙusar ya faro ne daga nesa. Da aka gama yaƙi a 1945, Amurka ce ke samar da fiye da rabin ƙarfen duniya, domin masana'antun Jamus da Japan sun sha ruwan bama-bamai. Rugujewar ta zame musu alheri ta wata fuskar, tunda da suka tashi sake gini sai suka ɗauki sabuwar fasaha. A birnin Linz na ƙasar Ostiriya aka fara, a 1952, hura tsantsar iskar oksijin a cikin narkakken ƙarfe, aikin da tsohon murhu kan ɗauki awa takwas ko fiye ya koma ƙasa da awa ɗaya. Sai kuma dabarar zuba narkakken ƙarfe kai tsaye ya fito a miƙe, ba sai an daskarar da shi an sake gasawa ba. Kamfanonin Amurka sun kashe maƙudan kuɗi a shekarun 1950 wajen ƙara tsofaffin murahu, don haka suka yi nauyin jiki wajen rushe abin da ba su gama cin moriyarsa ba.

Canjin da ya fi wannan girma a teku ya faru. Ostireliya ta ɗage haramcin fitar da tama a 1960, aka buɗe ma'adinan Pilbara, Brazil ma ta shigo kasuwa da tama mai inganci, aka kuma ƙera jiragen ruwa masu ɗaukar fiye da tan 100,000 a tafiya ɗaya. A lokaci guda tanderun zamani ya rage cin kwal ƙwarai. Daga nan zama a kan kwal ya daina zama fifiko, tashar ruwa mai zurfi ita ce ta koma abin nema. Japan, wadda ba ta da tama ko kwal na a zo a gani, ta cike bakin teku da ƙasa ta gina manyan masana'antu a Kimitsu da Fukuyama, inda jirgi ke sauke tama a wannan gefe, wani jirgin ya ɗauki ƙarfe a ɗaya gefen. Koriya ta Kudu ta bi sahu da kamfanin POSCO, wanda tanderunsa na farko a Pohang, wani garin masunta, ya fara aiki a 1973. Masana'antun kwarin Monongahela kuwa suna matse tsakanin kogi da tudu, nesa da teku, ba filin faɗaɗawa.

Alamar farko ta bayyana a 1959, lokacin da ma'aikatan ƙarfe na Amurka suka yi yajin aikin kwana 116. Masu ƙera motoci da sauran masu saye suka nemi ƙarfe daga waje don kada ayyukansu su tsaya, suka tarar yana da kyau yana da arha, kuma a shekarar nan ƙarfen da Amurka ta shigo da shi ya fi wanda ta fitar. Abokin cinikin da ya gano wata hanya ba ya mantawa da ita. Duk da haka aka ci gaba da ƙara albashi ana ɗora kuɗin a kan farashi, har 1973, shekarar da ƙasar ta samar da ƙarfe mafi yawa a tarihinta, wadda kuma ita ce shekarar da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, kasuwa ta ja baya a duk ƙasashen Yamma.

A garin Youngstown na jihar Ohio har yau ana kiran ranar 19 ga Satumba, 1977 da Baƙar Litinin. A ranar ce kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe masana'antarsa ta Campbell, mutum kusan 5,000 suka rasa aiki. Shekara takwas kafin nan wani kamfanin jiragen ruwa mai suna Lykes ya saye shi da bashi, kuma masu sukar cinikin sun daɗe suna cewa ribar ƙarfen ta tafi ne biyan bashin, ba ta koma gyaran injina ba. Malaman coci da ma'aikata sun yi yunƙurin tara kuɗi su saye masana'antar su gudanar da ita da kansu, gwamnatin tarayya ba ta ba da lamunin da suka nema ba, maganar ta bi ruwa. Sauran masana'antun kwarin suka bi ɗaya bayan ɗaya. Garin da ke da mutum 170,000 a 1930 yana da kimanin 60,000 a ƙidayar 2020, har hukumarsa ta kai ga tsara yadda zai ƙanƙance da gangan, ana rushe kangaye ana mayar da unguwanni filayen ciyawa, domin ba ta da kuɗin kula da titi da bututun ruwan da aka shimfiɗa don mutanen da ba sa nan.

Pittsburgh ta sha nata kashin a farkon shekarun 1980. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kusan kashi 20 cikin ɗari don yaƙar hauhawar farashi, gine-gine da cinikin motoci suka tsaya, dala ta yi ƙarfi har ƙarfen waje ya ƙara arha. A tsakiyar wannan hali, a 1982, U.S. Steel ya fitar da kimanin dala biliyan shida ya sayi kamfanin mai na Marathon, a 1986 kuma ya canza sunansa zuwa USX. Ma'aikata sun fahimci saƙon: mai jari riba yake bi, ko a ƙarfe take ko a mai. A shekarar nan ta 1986 aka rufe masana'antar Homestead. Yankin ya yi asarar guraben aikin masana'antu fiye da 100,000 a cikin ƙasa da shekara goma, matasa suka yi ta ficewa zuwa jihohin kudu da yamma, suka bar tsofaffi. A filin Homestead yanzu rukunin kantuna ne da gidajen abinci, an bar dogayen bututun hayaƙi goma sha biyu a tsaye kusa da wurin ajiye motoci don tunawa.

'Yan siyasa sun fi son su ɗora laifin duka a kan ƙarfen waje, domin baƙo yana da sauƙin zargi. A ganina wannan rabin gaskiya ne, kuma garin Gary na jihar Indiana shi ne shaida. U.S. Steel ne ya kafa garin daga tushe a 1906 a bakin tafkin Michigan, ya raɗa masa sunan shugabansa Elbert Gary. Masana'antar ba ta taɓa rufewa ba, har gobe tana cikin mafiya girma a Amurka, amma ma'aikatanta da suka kai wajen 30,000 a farkon shekarun 1970 sun koma 'yan dubbai, mutanen garin kuma sun ragu daga 178,000 a 1960 zuwa kimanin 69,000 a 2020. Tan ɗayan da ke cin aikin awa goma na ɗan Adam a farkon shekarun 1980 yanzu awa biyu ya ishe shi. Ko da an toshe kowace tashar ruwa an hana ƙarfen waje shigowa, waɗannan guraben ba za su dawo ba, domin injin ya riga ya cinye su.

Akwai kuma kishiyar cikin gida. Kamfanin Nucor ya fara a 1969 a Darlington, wani ƙaramin gari a jihar South Carolina, da murhun lantarki wanda ba ruwansa da tama ko kwal, tsofaffin ƙarafa kawai yake narkawa. Manyan kamfanoni sun raina shi saboda rodi yake yi, mafi ƙarancin riba a kasuwa, suka bar masa. Ya yi ta hawa mataki-mataki har a 1989 ya fara fitar da fallen ƙarfe a garin Crawfordsville na jihar Indiana, yau kuma shi ne kan gaba a Amurka, inda kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfen ƙasar daga irin wannan murhu yake fitowa. Masana'anta irin wannan ba ta bukatar gari, wutar lantarki mai arha da hanya da 'yan ɗaruruwan ma'aikata sun ishe ta, kuma an fi kafa ta a karkara inda ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi. Mai karatu da ke ganin 'yan bola-jari suna tura kura a unguwa, da tirelolin tsofaffin ƙarafa da ke barin Kano zuwa kudu, ƙarshen wannan sarƙar yake gani, domin yawancin rodin da ake yi a Nijeriya daga irin waɗannan ƙarafa ake narka shi.

Me ya sa wani garin yake farfaɗowa, wani kuma ya zama kufai? Pittsburgh ce ake yawan kafa hujja da ita, har aka kai taron ƙasashen G20 can a 2009 don a nuna wa duniya garin da ya sake rayuwa. Gaskiya ne ta tashi, amma abin da ta tashi da shi an shuka shi ne tun ana da kuɗi. Dukiyar Carnegie da ta iyalan Mellon ita ta kafa jami'ar Carnegie Mellon, wadda ta buɗe cibiyar nazarin mutum-mutumi a 1979, daidai lokacin da masana'antu ke shirin durƙushewa. Jami'ar Pittsburgh tana da tarihin binciken lafiya tun zamanin da Jonas Salk ya samar da rigakafin shan inna a can, kuma rukunin asibitocinta, UPMC, shi ne ya zama babban mai ɗaukar ma'aikata a yankin. Tun 2008 sunansa ne a rubuce a ƙololuwar bene mai hawa 64 da U.S. Steel ya gina wa kansa. Youngstown da Gary ba su gaji irin wannan ba, saboda galibin ribar da aka samu a cikinsu wasu birane aka kai ta aka ajiye.

Sai dai kalmar farfaɗowa tana ɓoye abu guda, wato wanda ya faɗi ba shi ne ya tashi ba. Mutumin da aka sallama yana da shekara 48, wanda bai san komai ba sai sarrafa narkakken ƙarfe, bai koma injiniyan kwamfuta ba. In ya yi sa'a ya sami gadi ko tuƙi da rabin albashinsa na da, matarsa ta shiga aikin jinya ko shara a asibiti, inda galibin masu jinyar su ne tsofaffin ma'aikatan da masana'anta ta bari da ciwon huhu da inshorar da ƙungiya ta ƙwato musu. Birnin da ke da mutum fiye da 676,000 a 1950 yana da kimanin 303,000 a 2020. An sami gari mai tsabta da iska mai kyau, amma ƙarami, kuma na wasu mutanen daban.

Jamus ta bi wata hanya a yankin Ruhr, ta zaɓi a sauka a hankali. Dokar ƙasar ta ba wakilan ma'aikata rabin kujerun majalisar sa ido ta kamfanonin kwal da ƙarfe tun 1951, don haka ba a iya rufe masana'anta da sanarwar safiya ɗaya. An yi ta yi wa mutane ritaya da wuri, ana tallafa wa kwal har zuwa 2018 da aka rufe mahaƙa ta ƙarshe a Bottrop. Yankin da ba shi da jami'a ko ɗaya sai a shekarun 1960, lokacin da aka buɗe ta Bochum, yanzu yana da su da dama. Wannan hanya ta ci kuɗi ba kaɗan ba, kuma ba ta hana garuruwa irin su Gelsenkirchen kasancewa cikin masu yawan marasa aikin yi a Jamus ba, amma ba a ga unguwanni sun koma daji kamar a Youngstown ba. Birtaniya ta fi kama da Amurka: an rufe masana'antar garin Consett a 1980, Sheffield ta yi asarar dubban ayyuka a 'yan shekaru, aka gina katafaren rukunin kantuna na Meadowhall a 1990 a kan filin wata tsohuwar masana'antar ƙarfe.

Inda injinan Dortmund suka tafi, can labarin ya koma. A 2000 Sin tana samar da kimanin tan miliyan 128 na ƙarfe a shekara. Ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ta shiga gina birane da hanyoyi da layin dogo yadda ba a taɓa gani ba, kuma a 2020 ta haura tan biliyan ɗaya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. Birnin Tangshan kaɗai, wanda girgizar ƙasa ta rusa a 1976, yana fitar da ƙarfen da ya fi na Amurka duka. Matsalar ita ce tanderu ba a kashe shi a kunna kamar fitila. Idan ya huce da ƙarfe a cikinsa, ƙarfen ya daskare, gyaransa kan ci dukiya mai yawa ko ya lalace gaba ɗaya, don haka ko kasuwa ta faɗi mai shi ya gwammace ya ci gaba da narkawa yana sayarwa a kan asara, gwamnatin lardinsa kuma tana mara masa baya don tsoron zaman banza. Rarar sai ta malala waje. A 2015 Sin ta tura fiye da tan miliyan 110 zuwa ƙasashen waje, farashi ya faɗi warwas, masana'antar Redcar da ke arewa maso gabashin Ingila ta rufe a shekarar.

Su ma garuruwan Sin ba su tsira ba. A 2016 gwamnatin ƙasar ta sanar da shirin rage ƙarfin masana'antun da tan miliyan 100 zuwa 150, tare da sauya wa ma'aikatan ƙarfe kimanin 500,000 aiki. An tashi masana'antar Shougang daga Beijing saboda hayaƙi aka mayar da ita bakin teku a Caofeidian, kuma a wasannin Olympics na hunturu na 2022 duniya ta kalli 'yan wasan zamiyar ƙanƙara suna tsalle a gaban tsofaffin hasumiyoyinta. Tun da kasuwar gidaje ta ƙasar ta shiga matsala a 2021, bukatar rodi ta ragu, ƙarfen da ake turawa waje ya sake hawa. Abin da Pittsburgh ta gani a cikin shekara ɗari, wasu garuruwan lardin Hebei suna neman ganinsa a cikin arba'in, yayin da Indiya, wadda ta zama ta biyu a duniya tun 2018, take kan gina sababbi.

Yanzu dalilin zaman masana'anta yana shirin sake canzawa, wannan karon saboda hayaƙin da ke ɗumama duniya, wanda ƙarfe ke da alhakin kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari nasa. Tarayyar Turai tana sa wa hayaƙi farashi, ta kuma tsara harajin kan iyaka ga ƙarfen da aka yi da kwal. A Port Talbot da ke yankin Wales, kamfanin Tata na Indiya, wanda ya sayi masana'antar a 2007, ya kashe tanderunsa na ƙarshe a ƙarshen Satumban 2024, zai maye gurbinsa da murhun lantarki da tallafin fam miliyan 500 daga gwamnatin Birtaniya, kuma a lokacin an ce kimanin mutum 2,800 ne za su rasa aiki. Wato gwamnati ta biya kuɗi don a ceci ƙarfen, ba ta iya ceton yawancin ayyukan ba. A watan Afrilun 2025 majalisar dokokin ƙasar ta yi zaman gaggawa ranar Asabar ta ba gwamnati ikon karɓe ragamar masana'antar Scunthorpe daga hannun kamfanin Jingye na Sin, don kada tanderu biyu na ƙarshe da suka rage a ƙasar su huce. Idan har dabarar tace tama da iskar haidurojin ta yi arha, fifiko zai koma wuraren da ke da lantarki mai sauƙi na ruwa ko rana ko iska, kamar arewacin Suwidin inda ake gwada ta, kuma garuruwan bakin tekun da suka ƙwace kasuwa daga garuruwan kwal su ma za su ɗanɗana abin da suka ɗanɗana wa wasu.

Wannan ne ya sa nake ganin mahawarar da ake yi a Nijeriya kan Ajaokuta tana tsallake tambaya mafi muhimmanci. An ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza tubali a 1980, aka gina gari guda na gidajen ma'aikata a bakin kogin Neja, aka tanadi tama daga Itakpe, aka kuma kafa masana'antun mulmula ƙarafa a Katsina da Jos da Osogbo. Tanderun bai taɓa narka tama ba. An tsara shi ne bisa lissafin shekarun 1970, kuma tun daga lokacin duniyar ƙarfe ta juya aƙalla sau biyu. Kafin a tambayi nawa za a kashe a kammala shi, kamata ya yi a tambayi daga ina kwal mai gasuwa zai zo, a nawa za a sami lantarki, kuma wa zai sayi ƙarfen a kasuwar da ta riga ta cika da rara.

Amurka ta zaɓi katangar haraji, kashi 25 cikin ɗari a 2018, aka ninka shi zuwa 50 a watan Yunin 2025. A cikin watan nan ne kamfanin Nippon Steel na Japan ya kammala sayen U.S. Steel a kan kusan dala biliyan 15, bayan doguwar taƙaddama da ta kai ga Shugaba Biden ya hana cinikin, Shugaba Trump ya amince da shi bisa sharaɗin gwamnati ta riƙe ikon hawa kujerar na ƙi a wasu shawarwari. Daga cikin abin da Japanawan suka saya har da masana'antar Edgar Thomson ta Braddock, wadda Carnegie ya buɗe a 1875, kuma har yanzu wutarta ba ta mutu ba. Garin da ke bakin ƙofarta yana da mutum fiye da 20,000 a 1920, a ƙidayar 2020 bai kai 2,000 ba. Asibitinsa, wanda ke ƙarƙashin UPMC, an rufe shi a 2010 aka rushe ginin. Ɗakin karatun da Carnegie ya gina wa ma'aikatansa a 1889 yana nan tsaye, masu aiki a masana'antar kuwa galibinsu da mota suke zuwa daga wasu garuruwa, in an tashi su koma.